Ƙirgen Gida Dabam, Ƙirgen Ɗaki Dabam

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya mai mitar lantarki guda ya san rigimar ƙarshen wata. Mita takan faɗi wutar da gida ya sha, amma ba ta nuna ɗakin da ya wuni yana guga. Irin wannan rigima muke jawo wa kanmu, mu ɗaliban ilmin kwamfuta, sa'ad da muke auna saurin manhaja.

A cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, akwai waɗansu maƙirga masu lissafin umarnin da aka zartar, da bugun agogo, da yawan lokutan da aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa aka rasa. Tun shekarar 2009 tsarin Linux ya zo da perf, abin karanta su. Wanda ya ba shi alamar -a, zai ƙirga masa abin da ya gudana a dukan cibiyoyin furosesa, ko aikin wane ne. Wanda ya ba shi -p, manhaja guda zai bi, a tsayar da ƙirgenta in an sauke ta daga cibiya, a ci gaba in ta dawo.

Kuskurenmu na farko shi ne ɗora wa manhajarmu ƙirgen gida duka. Sai ɗalibi ya kwana uku yana gyaran abin da bai lalace ba, alhali wani aiki ne ke gudana a bayan fage.

Amma kada mu ɗauka ƙirgen ɗaki ba ya ruɗi. A yawancin furosesa, ma'ajiyar kusa ta matakin ƙarshe ta tarayya ce tsakanin cibiyoyi. Maƙwabci mai haɗama yakan ture bayananmu daga cikinta, rashin ya hau lissafinmu, ko da ba mu sake harafi ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai ba kullum ne mai tulu ke da laifi ba. Haka kuma maƙirgan da ke lura da zirga-zirgar babbar ma'ajiya ba su san manhajar kowa ba. Jimla kawai suke bayarwa.

Ban da wannan, maƙirgan kaɗan ne. In mun nemi fiye da adadinsu, perf zai sa su karɓa-karɓa, ya cike giɓin da ƙiyasi, ya kuma nuna kason lokacin da kowane ya samu. Mu riƙa duba wannan kaso.

Gobe waɗansunmu ne za su zauna a ofisoshin gwamnati su rubuta cewa na'ura ta gaza, a sayo sabuwa da kuɗin talakawa. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da malamanmu: kada a karɓi rahoton awo sai ya bayyana abin da aka ƙirga, na dukan furosesa ne ko na manhaja guda, da ayyukan da ke gudana a lokacin. A auna ta fuska biyu, a gwada, sannan a yanke hukunci.