Takardar izinin gini: ina dosiyena ya kwana?

A wannan mako shafinmu ya nufi Abala, can arewa da Filinge, kimanin kilomita 250 daga Yamai, domin mu tattauna a kan wata takarda wadda ƴan kasuwa da ma'aikata da dama ba su tunawa da ita sai ranar da rigima ta tashi, wato takardar izinin gini. Abin da ya jawo maganar shi ne labarin da ake ta ji, cewa a wasu ƙasashe mutum yana zaune cikin shagonsa zai nemi wannan takarda ta intanet, ya biya kuɗinta, ya kuma riƙa duba inda dosiyensa ya kai har ranar da za a sa masa hannu. To, me wannan tsari zai tsinana wa gari irin Abala?

Labarin dai gaskiya ne. Birnin Nairobi na ƙasar Kenya ya soma karɓar takardun neman izinin gini ta intanet a shekarar 2011, Kigali ta ƙasar Ruwanda ta bi sahu a 2013. Mai zanen gini ne ke tura taswirar gidan da takardun filin ta kwamfuta, nan take a ba dosiyen lamba da kwanan wata. Daga nan kowane ma'aikacin da ya duba shi, na safiyo ne, na tsabta ne, ko na kashe gobara, sai sunansa da ranar da ya duba su fito a rubuce. Mai gini yana iya gani da idonsa a teburin da aikinsa ya tsaya, da kwanakin da ya yi a can. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin: dosiye ba ya ɓacewa ba tare da an san hannun da ya ɓace a cikinsa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin wannan gyara yake tsayawa a manyan birane. Shekara da shekaru Bankin Duniya yana fitar da wani rahoto mai jera ƙasashe bisa sauƙin yin kasuwanci, har zuwa 2021 da aka daina fitar da shi. A fannin gini, abin da rahoton yake aunawa shi ne kwanaki da kuɗin da ake kashewa kafin a samu izinin gina sito guda a babban birnin kasuwancin ƙasa. A wurinmu Yamai ke nan. Duk gwamnatin da take son ta hau sama a jerin, can take kai ƙarfinta, alhali kuwa wahalar mai gina shago a Abala ko Sanam ba ta shiga lissafin kowa ba.

Abala kuwa ba ƙauyen jiya ba ce. A 2011 aka cire ta daga Filinge ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Sanam. A 2012 rikicin Mali ya koro dubban ƴan gudun hijira suka sauka a gefen garin. A ƙarshen 2019 gwamnati da hukumar HCR suka rufe sansanonin jahar Tilaberi, aka koma ga yanka filaye da gina gidaje domin baƙi da ƴan gari su zauna tare, kuma Abala tana cikin garuruwan da aka yi wannan aiki. A kan haka aka ƙara da mutanen ƙauyukan da rashin tsaro ya tayar. Duk inda mutane suka ƙaru fili yana tsada, kuma duk inda fili ya yi tsada takarda tana daraja. Wanda ya taɓa ganin an tsai da gini bayan an kai linta, ya san abin da nake nufi.

Me doka take nema? A 2017 aka yi dokar tsara birane, a 2018 aka yi ta gini da muhalli, kuma ma'aikatar magajin gari ce ƙofar da mai son gini yake ƙwanƙwasawa. Zai kawo takardar roƙo mai tambur, da shaidar cewa filin nasa ne, da taswirar da ke nuna inda filin yake cikin unguwa, da zanen ginin, da ƙiyasin abin da zai ci. Masana aikin su duba, su ba da ra'ayinsu, sannan shugaba ya sa hannu. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rushe majalisun da aka zaɓa, wannan nauyi ya koma wuyan kantomomin da aka naɗa. A rubuce hanyar gajera ce. A aikace kuwa, yawancin dosiyoyi a mataki na biyu suke tuntuɓe, wato shaidar mallakar fili.

A nan ya kamata mu ɗan zauna, domin nan ne gizo yake saƙa. A gari ɗaya za ka tarar da mutum huɗu, kowa da irin takardarsa. Na farko yana riƙe da takardar da ma'aikatar magajin gari ta ba shi bayan an yanka unguwa. Na biyu yana da shaidar gado ta gargajiya wadda maigari ya sa wa hannu, bisa tsarin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Na uku ba shi da kome sai takardar ciniki da aka rubuta a kan benci gaban shaidu biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya yana ci-rani a Libiya. Na huɗu, wanda shi ne mafi ƙaranci, yana da takardar mallaka ta dindindin, ko ƙaramarta da aka fito da ita a 2006 aka raɗa mata suna Sheda. Idan rajistar da aka rubuta waɗannan takardu ba guda ba ce, ko kuwa gara ta ci ta, ko ta bi wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, to fili ɗaya yana iya samun iyayengiji biyu, kowannensu da hatimi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kwamfuta kuma abin da aka ba ta shi take maidowa: in an zuba mata rajista mai ruɗani, ruɗanin za ta riƙa rabawa, sai dai da sauri.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun yi gini da laka ba su nemi izinin kowa ba. Haka ne, amma sun san inda ruwa yake bi, kuma ba su yi yawan da muka yi ba. Damanar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikin mamatan gidaje ne suka rufta musu. Ko tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, a watan Satumba na shekarar ya faɗi. Ƙasar Kurfai cikin kwarin dallol take. Fili yana iya shekara biyar a bushe, a ta shida ƙorama ta tuna da hanyarta. Babban amfanin izinin gini shi ne a samu wani mai sani ya taka zuwa filin, ya ce wa mai shi: Alhaji, nan magudanar ruwa ce, ko nan hanya za ta bi, tun kafin ya narka jarin shekara goma cikin siminti da kwano. Tun ran gini ran zane.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta sa bin sawun dosiye daga nesa ya fi amfani a Abala bisa ga Yamai. A watan Maris na 2017 aka sa gundumar cikin dokar ta-ɓaci, a farkon 2020 kuma aka hana zirga-zirgar babura a jahar. Masu zanen gini da masu safiyo galibinsu a Yamai suke, kuma mai zuwa Tilaberi, babban birnin jaha, sai ya bi ta Filinge da Baleyara da Yamai kafin ya isa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma a kan irin wannan hanya, tafiyar da za a yi domin kawai a ji an ce “ka dawo mako mai zuwa” ta wuce asarar kuɗin mota, kasada ce da rai. Haka kuma malamin makaranta ɗan Abala da aka tura aiki Agadas ko Difa, yana tara albashi domin ya gina ɗaki biyu a garinsu, ba shi da halin zuwa ya tsaya bakin biro.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Lantarki bai wadata ba, layin talho yana zuwa yana ɗaukewa, kuma ko da yake kamfanin Starlink ya soma aiki a ƙasar a 2025, kuɗinsa ba na kowa ba ne. Takardun da Faransanci ake cika su, yawancin masu gini kuwa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci ko Buzanci suke magana. Idan aka rufe taga aka ce kowa ya koma intanet, ɗan kamashon da ke zaune bakin ƙofa zai sayi kwamfuta kawai, ya ƙara kuɗin aikinsa.

Saboda haka, ga abin da nake ganin kowace ma'aikatar magajin gari za ta iya yi tun bana, ba sai ta jira taimakon waje ba. Na ɗaya, duk dosiyen da aka ajiye a ba mai shi rasit mai lamba da kwanan wata, a rubuta lambar cikin babban littafi guda wanda kowa zai iya neman a buɗe masa. Na biyu, a liƙa jerin takardun da ake bukata, da kuɗin kowane mataki, da iyakar kwanakin da aikin zai ɗauka, a bakin ƙofa, cikin Faransanci da Hausa, a kuma karanta shi a rediyon gari. Na uku, a ware lambar talho guda, mai dosiye ya aika da lambarsa a ba shi amsa a rubuce: yana wurin wane, saura kaza. Na huɗu, wanda ya fi wuya kuma ya fi muhimmanci, a tara rajistocin filaye na ma'aikatar da na kwamitocin Kofo, a daidaita su fili bayan fili, a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a wani gari saboda gobara da ruwa da ɓarna. Ranar da aka gama wannan, sa shi cikin intanet aikin ƴan watanni ne.

Ƴan'uwa ma'aikata, littafin nan ku ma kariyarku ne, domin ranar da aka zo bincike shi zai nuna wanda ya yi aikinsa cikin lokaci da wanda ya danne. Ku kuma ƴan kasuwa, kada ku biya ko dala ba rasit, kada ku sauke yashi a fili kafin ku ga sunanku cikin rajista da turakun iyaka a ƙasa, kuma ku ɗauki hoton kowace takarda ku aika wa ɗan'uwa a wani gari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damana mai albarka.