Sharhi: Allura ɗaya a madadin uku, ko za ta cike giɓin rigakafi a Abule Egba?

A tsarin rigakafin yara na Najeriya, ana yi wa jariri allurar Penta sau uku, yana da mako 6, da 10, da 14, domin kare shi daga mashaƙo da wasu cututtuka huɗu. Ta farko ba ta wadatarwa, sai an cika ukun kariyar ke kankama.

A nan ne gizo ke saƙa a unguwannin Hausawa na Abule Egba da Agege a Legas. Iyalan 'yan kasuwar Katangowa da mahautan Oko-Oba kullum suna kan hanya tsakanin Legas da Arewa. Mace kan tafi gida wankan jego, a yi wa jariri allurar farko a can, kafin ta dawo lokacin ta biyu ya shige, wani sa'in ma katin ya salwanta. Ɓarkewar mashaƙo da ta soma a ƙarshen 2022, wadda ta fi ƙamari a Kano ta kuma taɓa Legas, ta nuna illar haka, domin hukumar NCDC ta ce akasarin waɗanda suka kamu ba su kammala rigakafi ba.

Wannan giɓin ne masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Robert Langer da Ana Jaklenec, ke neman toshewa. A 2017 sun bayyana wasu mitsitsin ƙwayoyi masu kama da kofi mai murfi, waɗanda aka ƙera da irin sinadarin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa a jiki. Ana cusa maganin a ciki a yi allura sau ɗaya, sannan kowane rukuni ya fashe a lokacin da aka tsara masa. A gwajin ɓeraye sun saki abin da ke cikinsu a rana ta 9, ta 20 da ta 41.

Sai dai da sauran rina a kaba. Maganin da aka saba adanawa a firiji dole ya jure zafin jikin ɗan Adam na tsawon makonni ba tare da ya lalace ba, kuma ba a kai ga amfani da fasahar a asibitoci ba. Ko ta samu karɓuwa, ba za ta amfani yaron da ba a taɓa kai shi asibiti ba, alhali ƙididdigar WHO da UNICEF ta 2023 ta nuna Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ba a yi wa wannan rigakafi ko sau ɗaya ba, kimanin miliyan 2.1.

Kafin nan, abin da ke hannun hukumar NPHCDA da gwamnatin Legas shi ne rajistar da za ta bi yaro daga jiha zuwa jiha, da kuma haɗa kai da sarakunan Hausawa da limaman unguwanni wajen nemo jariran da suka tsallake allura ta biyu.