Kamara Ma Makami Ce: Jan Kunne Ga Masu Farautar Hoton Namun Daji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin mai tafiya da mai rarrafe da mai tashi sama, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwana matasa, shekara da shekaru ke nan muna kai ruwa rana a kan hukuncin hoto. Da zarar wani ya ɗora hoton zaki ko giwa a intanet, sai a rabu gida biyu. Waɗannan su kawo fatawar Shaikh Bin Baz da Shaikh Albani, waɗanda suka hana hoton mai rai sai da larura. Waɗancan su kawo ta Shaikh Yusuf Alƙardawi da masu ra'ayinsa, waɗanda suka ga cewa aikin kamara kama inuwa ne, bai shiga surantawar da aka hana ba. Wannan saɓani ne na malamai, kuma ba irina ne zai raba gardamar ba. Abin da ya dame ni shi ne, a duk tsawon muhawarar, da wuya ka ji wanda ya tambayi halin da dabbar ta shiga kafin a samu hoton. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali kuwa cutar da dabba ba tare da haƙƙi ba, babu malamin da ya yi saɓani a kan haramcinsa.

Mutane suna zaton mai kamara ba ya ɓarna, tunda bai zubar da jini ba. To, bari mu duba. A gandun dajin Masai Mara na ƙasar Kenya akwai rabbi, wato ɗan'uwan damisar nan da ya fi duk dabbobin tudu gudu. Da rana yake farauta, daidai lokacin da motocin masu yawon buɗe ido suke cika daji, kuma da zarar an hango shi sai direbobi su sanar da juna, motoci su yi masa ƙawanya. A shekarar 2018 wata mai bincike, Femke Broekhuis, ta fitar da sakamakon nazarinta a wannan daji. Ta gano cewa a inda masu ziyara suka yi yawa, abin da uwa take iya renowa har ya kai ga cin gashin kansa bai wuce 0.2 ba a matsakaici, wato kamar ɗa guda a haihuwa biyar. A inda ba su da yawa kuwa, adadin ya kai 2.3. Babu wanda ya harba bindiga, amma ga 'ya'ya sun salwanta. Wa za a tambaya?

A cikin wannan shekara ta 2018 ne kuma wani bidiyo daga gabashin Rasha ya karaɗe duniya. Ɗan beyar ne, wata ƙatuwar dabba mai gashi ta ƙasashen sanyi, yana ta ƙoƙarin hawa gangaren ƙanƙara don ya iske uwarsa, yana zamewa yana sake hawa. Miliyoyin mutane suka yi ta yaɗa shi a matsayin darasin juriya da rashin fid da rai. Da masana halayyar dabbobi suka kalla, sai suka ce tsoron ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke ɗaukar bidiyon ne ya firgita uwar, har ta kai wa iska mari a daidai lokacin da ɗan ya kusa isowa, ya sake gangarawa. Ashe abin da ake ta yi wa tafi azaba ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya kai mai karatu, auna wannan da abin da Imam Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA). Suna cikin tafiya sai wasu sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai. Da Manzon Allah (SAW) ya dawo ya ga halin da take ciki, sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya kuma yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Lura da kyau, ba a yanka tsuntsuwar ba, ba a karya ta ba. Firgita ta kawai aka yi, kuma hakan ya isa a tsawatar. Haka kuma aya ta 38 a Suratul An'am ta nuna mana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu. Wanda ya yarda da haka, da wane ido zai kutsa wa al'umma cikin gidanta lokacin da take shayarwa ko kwanci, don kawai a yaba masa a Facebook?

Sai kuma ƙarya, wadda ita ce ƙanwar wannan zalunci. Gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa tana daga cikin mafi girma a duniya. Wanda ya lashe ta a 2009 da hoton kyarkeci yana tsallake shinge, an ƙwace kyautarsa a 2010, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin horarre ne, ba na daji ba. A 2018 aka sake soke wata kyauta ta shekarar 2017, domin masana sun ce dabbar da ke cikin hoton busasshiyar gawa ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Duka mutanen biyu sun musanta, amma hukuncin ya tabbata. Idan a ƙololuwar sana'ar ana samun haka, ina ga masu ɗaure akuya ko jefa nama don su jawo dabba gaban kamara, sannan su ce da mu haka suka tarar?

Wani zai ce, ai hoto ne yake sa a san dabbobin, a ƙaunace su, a kashe kuɗi wajen kare su. Gaskiya ne, kuma hujjar tana kusa da mu. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu har zuwa kusan 50 a 1996. Da aka hana farautarsu, aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan, aka kuma samu 'yan jagora da suke cin abinci daga masu zuwa kallo da ɗaukar hoto, sai adadinsu ya haura 600. Amma wannan hujja tana tare da ni ne. Abin da ya amfane su shi ne ziyara mai ƙa'ida, da jagora, da tazara. Kwatanta da birai na sansanin Wikki a Yankari, jihar Bauchi, waɗanda suka saba da abincin hannun baƙi har suka zama masu fizge da kutsawa ɗakuna. Mutum ne ya lalata musu tarbiyya, sannan ya dawo yana kiransu ɓarayi.

Saboda haka, duk wanda ya bi ra'ayin halaccin hoto, to ya ɗauke shi da sharuɗɗansa. Ya tsaya nesa, ya nemi kamara mai jawo nesa kusa maimakon ya matsa da ƙafarsa. Idan dabba ta bar kiwo ta zuba maka ido, ko ta miƙe daga kwanciya, ka riga ka wuce iyaka, sai ka ja da baya. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗa, kada ka taɓa sheƙa, kada ka ba da abinci, kada ka matsa wa direba ya bar hanya. Ka kashe alamar wuri a wayarka kafin ka ɗora hoton giwa ko karkanda, domin masu farautar haure da ƙaho su ma suna shiga intanet. Wanda ba zai iya zaman jira na sa'o'i ba, ya bar sana'ar ga masu haƙuri.

Mu kuma 'yan kallo, mu ne kasuwar. Kowane yabo da muka yi wa hoton da aka samu ta hanyar firgita dabba, kuɗin aikin na gaba muka biya. Kafin ka tura wa wani, tambayi kanka: yaya aka yi kamara ta kai nan? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, an kuma gafarta wa wani saboda kare da ya shayar. Wanda ya san haka ba zai ɗauki haƙƙin dabba wasa ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya sa mu zama masu tausayi ga halittunSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.