Wane Ne Mai Irin Da Ke Cikin Rumbu?

Duk wanda ya yi sammako ya je kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, ya ga manyan motoci suna sauke buhunan wake da gero da dawa da aya da zoɓo, ya san abin da ke riƙe da mu a Kudu. Dillali da ma'auni da ɗan dako da mai tuwo-tuwo duk a jikin buhun nan suke ci, daga gare shi kuma ake aika wa iyali kuɗin cefane. To, kowane buhu daga ƙwayar iri ya fito. Saboda haka ya wajaba mu jawo hankalin masu karatu ga wata doka da ta shafi iri, wadda ta wuce ba tare da an zauna da talakan ƙauye an ji ta bakinsa ba.

A cikin watan Mayu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu fito da sabon irin shuka. Wanda ya fito da sabon iri ya yi rajistarsa, ya zama mallakarsa har shekara 20, in na itace ne shekara 25. Cikin wannan wa'adi ba mai yaɗa irin ko sayar da shi don shuka sai da izninsa. An ɗora dokar ne bisa yarjejeniyar UPOV ta 1991, tsarin da ƙasashen Turai suka fara ɗinka wa kansu.

Ba mu ƙi masani ya ci guminsa ba. Masanan Samaru sukan share shekaru kafin su fito da iri guda, kuma manoma sun ga amfaninsu. Haka nan dokar ba ta hana kowa shuka Kanannado ko Kaura ko Farafara da ya gada ba. Aibinta yana wani wuri dabam.

Kafin a yi wa iri rajista sai ya zama sabo, ya bambanta da sauran, ya fito bai ɗaya, kuma ba ya rikiɗa daga shekara zuwa shekara. Irin manomi kuwa ba haka yake ba, kuma da gangan ne. A gona guda akwai mai saurin nuna, akwai mai jure fari, akwai mai ba da harawa, domin in damina ta yi gardama kada a tashi hannu rabbana. Wannan hikima ita ce ta hana shi shiga littafin rajista. Alhali kuwa daga gare shi masana ke ɗiba. A cibiyar IITA da ke nan Badun akwai samfurin wake fiye da 15,000 a ajiye, da yawansu daga gonakin Afirka ta Yamma aka tattaro su. Watau iri yana fita daga rumbu kyauta, in an gyara shi ya dawo da takardar mallaka. Bugu da ƙari, iyakar rangwamen da tsarin na 1991 ya yarda gwamnati ta yi wa manomi shi ne ya ajiye iri mai rajista ya sake shukawa a gonar kansa. Sayar da mudu biyu a kasuwar ƙauye ranar da aka yi ruwan shuka ba ya ciki, ga shi kuwa ta wannan hanya iri ke yawo a ƙasarmu tun kaka da kakanni.

Wanda ke ganin muna kururuwar banza ne, ya dubi abin da ya sami Habasha. Suna da wani hatsi mai ƙananan ƙwaya, tef, wanda suka shekara dubbai suna ci. A 2005 suka ƙulla yarjejeniya da wani kamfani na ƙasar Holan, aka ba shi iri bisa alkawarin raba riba. A 2007 aka ba kamfanin takardar mallakar sarrafa garin tef a Turai, a 2009 ya karye, Habasha ta tashi da Yuro 4,000 kacal. Sai a 2018 wata kotu a Holan ta ce babu wata sabuwar hikima a cikin abin da aka mallake. Abin da ya ja hankalin Turawa ga tef, watau rashin sinadarin nan na alkama da ke ɓata cikin wasu mutane, shi ne kuma ke ga accar Filato da Kudancin Kaduna. A 2018 ɗin nan Tarayyar Turai ta buɗe wa acca kasuwarta. Kai, ko ganyen da matan Yarabawa ke naɗe alale da shi bai tsira ba: daga 'ya'yan wannan tsiro kamfanin Tate & Lyle na Ingila ya soma fitar da wani sinadari mai tsananin zaƙi tun wajen 1970 da 'yan kai.

Abin takaici, akwai wata hanya, kuma a gida aka share ta. A ofishin kimiyya na tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Ikko, ƙarƙashin Farfesa Johnson Ekpere, aka jagoranci tsara dokar misali ta 2000, wadda ta ajiye haƙƙin manomi da na al'umma kafaɗa da kafaɗa da na masani. Indiya ta bi irin wannan tafarki a dokarta ta 2001, ta ba manomi ikon ajiyewa da musaya da sayar da iri ko mai rajista ne, muddin bai sa shi cikin buhu mai tambarin kamfani ba. Da kamfanin PepsiCo ya kai ƙarar wasu manoman dankali a Gujarat a 2019, da wannan doka aka tsaya musu, har ya janye.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya ta sake duba dokar 2021. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙaramin manomi yana da ikon ajiyewa da musaya da sayar da irin da ya noma. A tilasta wa mai neman rajista ya faɗi inda ya samo asalin irinsa. A kuma buɗe littafi na irin gado, da sunan garin da ya raine shi.

Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Shagamu, da shugabannin 'yan hatsi, suna da bakin da ake ji. Su rubuta wa wakilansu na nan da na gida. Wanda kuma zai koma gida noma bana, ya zauna da dattawan garinsu ya rubuta sunayen irin da ke rumbunansu, da inda kowanne ya fito, ya sa mai gari ya sa hannu a takardar.