Gadar Ngueli: hanyar tsira da ruwa ke yi wa ƙawanya

A 1980, da faɗa ya ɓarke a Njamena tsakanin dakarun Goukouni Oueddei da na Hissène Habré, da kwalekwale jama'a suka tsallaka zuwa Kousseri ta Kamaru. A watan Fabrairun 2008 kuwa, da 'yan tawaye suka shiga birnin, dubban mutane ta gadar Ngueli suka tsira, wadda aka gina kan kogin Logone a 1985.

Yau ruwa ne barazanar. A ƙarshen damina Logone da Chari kan cika su batse, su mamaye unguwanni irin su Walia, inda hanyar gadar ta ratsa. A Oktoban 2022 sai da gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya.

Ta wannan gada yawancin kayan da ake ɗauko wa Chadi daga tashar jiragen ruwa ta Douala ke shiga. In hanya ta yanke, farashi zai tashi, fatake da direbobi su yi zaman jira. Sabuwar gadar Bongor da Yagoua za ta rage cunkoso, amma tana can nesa a kudu. Matuƙar ƙasashen biyu ba su haɗa hannu wajen ƙarfafa shingayen ruwa ba, gadar za ta tsaya lafiya, hanyar isa gare ta ce za ta gagara.