Ka ɗaure kaya a bayan keke, to ina za ka kwana?

Duk wanda ke leƙa TikTok ko Facebook ya ga irinsu: matashi a kan keke, tuta a baya, jaka a gaba, ya nufi wani gari mai nisa. Wani gwamna zai gani, wani mawaƙi. Tun da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015 don murnar nasarar Buhari, doguwar tafiya ta zama hanyar yin suna. Janye tallafin fetur a Mayun 2023 kuma ya dawo da martabar keke, wanda dā ake wa kallon abin hawan tsofaffi.

Na san kai ma abin ya taɓa ba ka sha'awa. Ba kuma sai ka tsallaka ƙasa ba. Daga Kano ka bi ta Bunkure ka shiga Rano, garin Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, duwatsu za su tare ka tun kafin ka isa. Ka karkata zuwa Kibiya, ko ka gangara Rurum wajen madatsar ruwa ta Tiga. Mai ƙarfin cinya ya miƙa kudu har Riruwai a Doguwa, inda tsaunukan jihar suka fi tsayi. Hawan zai gaya maka gaskiyar lafiyarka, gangarar kuma ta gaya maka gaskiyar birkinka.

Amma fa abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne dare.

Bature mai yawon keke a tsaunukan Faransa yana da wuraren da aka tanada don kafa tanti, da ruwa da banɗaki. Kai ba ka da su. Ka kafa tanti a gindin dutse bayan magariba, manomin da ya hango fitilarka ba zai ce ɗan yawon buɗe ido ba ne. Zai ce ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne, kuma wallahi ba za ka ga laifinsa ba. Hanyar Riruwai ta Dajin Falgore take bi, dajin da ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu har sojoji suka mayar da shi filin atisaye. Mutanen wannan yanki kuma sun san abin da zargi ke yi wa matafiyi: mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, da yawansu 'yan Bunkure ne da kewaye, hanyar gida kawai suke.

Ko Mamadou Safayou Barry, ɗan Gini da ya hau keke a 2023 ya nufi Jami'ar Azhar, sau uku ana tsare shi a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. Kowa ya tuna kyautar da Will Smith ya yi masa daga baya, ba a cika maganar wannan ba.

Fataken dā da ke zuwa Gwanja sayen goro sun warware matsalar nan tuntuni. Ba sa tafiya sai da madugu, suna yada zango inda aka san da su, a gari kuma suna da mai masauki. Shi ne tsarin da zai yi maka aiki yau, ba kwaikwayon Bature ba. Ku tafi ku uku ko huɗu. Ku shiga gari kafin la'asar ta yi sanyi, ku nemi mai unguwa ko dagaci, ku nuna katin shaida, ku faɗi inda kuka fito da inda za ku. Sau da yawa zaure za a ba ku, har da tuwo, tantin ma ba za ku kwance shi ba.

Sai maganar waya. Bidiyon da ka ɗauka a kan dutsen Kibiya, ka bari sai ka bar wurin ka ɗora. Mabiyanka dubu goma ba duka ka san su ba.

Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, ita ce ta fi kowa damar sauƙaƙa wannan. Takarda ɗaya daga hakimi zuwa dagatai, cewa ga baƙi nan tafe a kan keke, ba ta buƙatar kasafin kuɗi.