Dokin Da Ba Ya Cin Harawarmu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa ba za mu yi mata rufa-rufa ba. Maganar ita ce ta manyan motocin alfarma da ake saye da dukiyar jama'a, a miƙa wa shugabanni da sunan wai za su riƙa kewaya talakawansu. Mu da muka fito daga ƙasar Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa mun san iyakar waɗannan motoci: inda kwalta ta ƙare, nan ziyara take ƙarewa. Wanda kuwa ya yi ƙarfin halin sauka kan burji da damina, sau da yawa da igiya ake jan motarsa zuwa Kano.

Wasu za su ce hassada ce irin ta ɗalibin da ko keke ba shi da shi. To, mu ajiye hassada gefe, mu leƙa cikin motar mu gani.

Mu fara da ƙafa. Manyan Range Rover da manyan Mercedes ba a kan sifirin na ƙarfe suke zaune ba, a kan jakunkunan roba ne da wani ɗan famfon lantarki yake hura wa iska. A titin Jamus wannan ni'ima ce, domin mai gida ba ya jin ko tsakuwa. Amma roba ba ta shiri da zafin bazara, yashi kuma ba ya barin ta. Da zarar jaka ta tsage, iska ta fara zurarewa, sai famfon ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Gari na wayewa sai a tarar mota ta durƙusa kamar raƙumin da ake jiran a ɗora wa kaya. Ga kuma siraran tayoyi a kan faffaɗan wili, waɗanda rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wilin gaba ɗaya.

Sai lantarki, wanda shi ne uwar matsala. Motar alfarma ta yau tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa da suke magana da juna ta waya, kowacce tana jiran labari daga na'urorin da ke auna iska da zafi da gudun taya. Ƙurar hunturu ta rufe na'urar auna iska, sai babbar kwamfutar injin, wadda kanikawa ke kira burenbos, ta karɓi labarin ƙarya ta riƙa zuba mai ba bisa ƙa'ida ba. Batir ya yi sanyi kaɗan, sai fitilun gargaɗi su cika fuskar direba. Ruwan kwazazzabo ya shiga ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke kwance, sai tsatsa ta ci mahaɗarsu, motar ta ƙi tashi alhali injinta lafiya lau. Wani sa'in ma da kanta take ƙin sauya giya, ta bar direba yana rarrafe a kan hanyar Katsina, masu kurkura suna wuce shi.

Man da za ta sha fa? Injinan nan an ƙera su ne don tsabtataccen mai, nozul ɗinsu ba sa jure ruwa ko datti. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da kamfanin NNPC da bakinsa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, bayan motocin mutane sun riga sun sha. In haka ta faru da man da ya bi ta hannun hukuma, ina ga na galan da 'yan bumburutu ke sayarwa a bakin hanyar Daura?

A nan ne ake dora laifi a kan bakanike, mu kuwa ba mu yarda ba. Gaskiya ne akwai ɓarna. Mota ta yi zafi, sai a cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Hayaƙi ya toshe, sai a fasa tukunyar tace hayaƙin nan da ake kira indomi a zubar da cikinta. Duk waɗannan suna rage wa injin kwana. Amma wa ya koya masa wani abu daban? Mutumin da ya koyi aiki a kan kafireto da fulogi, aka kawo masa motar da ba ta faɗin ciwonta sai an jona mata kwamfuta, me ake so ya yi? Kayan gyaranta kuma, ko an same su a Ƙofar Ruwa, farashinsu dala yake bi. Dalar nan da take wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayu na 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Shi ya sa harabar ma'aikatu ta cika da matattun motoci a kan duwatsu, ƙadangaru suna shan rana a kansu.

Ba yau aka fara wannan gardama ba. Bayan kuɗin Udoji sun shigo hannun ma'aikata a 1975, kowa ya ɗaga kai yana neman mota. A shekarar ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma bayan kisan Janar Murtala a 1976 gwamnatin Obasanjo ta mayar da Peugeot 504 motar manyan jami'anta. Ba mu ce a koma wa Fijo ba; tana da shan mai, kuma ba ta da abin kare rai irin na motocin yau. Abin da muke tunawa shi ne, in ta lalace a Bichi, a Bichi ake gyara ta. Yanzu dubi 2023, lokacin da aka yi wa 'yan Majalisar Wakilai 360 odar manyan jif-jif, jaridu suka ce kowacce ta kai wajen naira miliyan 160. Hujjar da aka kawo daga majalisa ita ce hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau. Subhanallahi! Masu raba kasafin hanya su ne suke kafa hujja da lalacewar hanya.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ana yin wannan a gaban mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake riƙon abu. Gonakin da ke kewaye da Kano ana noma su kowace shekara ba hutu tun kaka da kakanni, ga yawan jama'a, ga ƙarancin fili, amma ba su mutu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilmin labarin ƙasa a Zariya da nan Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin wannan al'amari, abin da ya gani kuwa iyayenmu sun riga sun sani: takin da jaki yake kaiwa gona da rani, da harawar wake da ta gyaɗa da ake ajiye wa dabbobi, da gawo da ɗorawa da ake bari a tsakiyar gero. Manomi ba ya sayen dokin da ba ya cin harawarsa. Kafin ya ɗaure sa a turke, sai ya lissafa dusar da zai ci har damina. Ɗansa ne da ya yi boko yake sayen abin da ba zai iya ciyarwa ba.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Da yawa cikinmu burinsu shi ne albashin farko ya haɗu da bashi a sayi tsohuwar BMW ta Beljiyam, wadda ta gama ƙuruciyarta a Turai, ko wadda kamfanin inshora a Amurka ya yi gwanjonta bayan ambaliya ta shanye ta. Fenti yana sheƙi, wayoyi suna ruɓewa a ciki. Wata shida sai a ga mai ita a kan acaɓa, makulli a hannu.

Ku yayyenmu da ke ofisoshi, ta hannunku fayil ɗin saye yake bi kafin ya kai teburin mai sa hannu. Ku rubuta a jikinsa, da jan biro in ta kama: a ina za a gyara wannan mota in ta tsaya a Kunchi, wa zai gyara ta, kuma nawa ne kuɗin riƙonta a shekara? In amsar ita ce sai Legas, ku ba da shawarar a sayi wadda ta fi ta sauƙi. Rarar kuɗin kuma muna da inda za a kai ta. Kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya tana nan a Bichi, kwalejin aikin gona ta Audu Baƙo tana Ɗambatta. A zuba musu na'urorin binciken mota, a kira kanikawan bakin tasha a horar da su kyauta, a kuma zuba tsakuwa a hanyar da masu tumatir na Watari suke bi zuwa kasuwa.